Karatun Sukari da Na Raina

Jiratawa, ranar Asabar.

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Rabi, da fatan kun tashi lafiya. Yaya shirin tafiya? Allah Ya sa wannan komawa taka Agadas da aiki ta zama ta alheri, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ka da mutanen kirki duk inda ka sauka.

Ba labarin gida zan ba ka ba, tunda jiya kana nan. Na ɗauki bik da takarda ne saboda na san halina kuma na san naka. In na yi maka magana baki da baki, raina tashi yake, muryata ta hau, kai kuma ka sunkuyar da kai kana "to Baba, to Baba," ka fita kamar ba a yi ba. Saboda haka zauna ka karanta wannan har ƙarshe, ko da rubutun nawa na makarantar manya ne, a karkace.

Jiya da ka zo da kamiyon Alhajinku, babbar motar kayan nan, ka buɗe injin a ƙofar gida, na ga abin da ka goge sandar auna mai da shi. Takardar likita ce, wadda suka ba ka watan jiya ranar da awo ya nuna kana da ciwon sukari, ta kiran ka zaman karatun da ake yi wa masu ciwon. Na tambaye ka, ka yi dariya, ka ce, "Baba, wannan ai na tsofaffi ne. A jera mutane bisa benci ana gaya musu kar su sha shayi. Ni an ba ni ƙwaya, ta ishe ni." Laminu, tun jiya abinci bai wuce mini da daɗi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganata ce na ji a bakinka. Ni na fara faɗin ta, shekara tara da suka wuce, kuma har yau ana ɗanɗana sakamakonta a wani gida da ba nawa ba.

Ka san Baba Idi, wanda garkarsa ke jikin tawa, ka san ƙafa ɗaya gare shi. Lokacin da abin ya faru kana Yamai kana koyon tuƙi, aka ce maka sukari ne ya ci ƙafar. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Ga sauran.

Ni da Idi damina guda aka gano mana ciwon. Aka rubuta sunayenmu cikin masu zuwa karatu, zama shida, kowace Talata, a wata likita, wato ƙaramin asibiti, cikin Maradi. Na goya shi bisa motona mai ƙafa biyu muka tafi. An ce ƙarfe takwas. Muka zauna, mu wajen talatin, maza gefe mata gefe, har rana ta take. Masu ciwon sukari fa, wasu ko karin kumallo ba su yi ba don sun zaci za a ɗauki jini. Sai gab da azahar wani matashin lokotoro ya shigo, waya a kunne, ko sallama bai yi ba. Ya haska hotuna a bango, ya kama Faransanci. Farantan Turawa ne, da pom, da fromaj, da wani kifi da ban taɓa gani ba. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Likita, fura fa?" Ya ce, "A daina." Dattijon ya ce, "Tuwo fa?" Ya ce, "A daina." Ya ce, "To me za mu ci?" Ya ce, "Salati." Ni da nake noman salati na san babu mai cin sa ya ɗauki fartanya ya wuni. Daga nan sai ya nuna wata mata mai jiki a bencin gaba, ya juya ga wani abokin aikinsa da ke wurin ya faɗi wani abu da Faransanci, suka kwashe da dariya.

Har gobe in na tuna, jinina tafasa yake. Wulaƙanci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Mutanen da suka haife ka sun bar gonakinsu da sana'o'insu sun zo neman sani, ka shanya su, ka yi musu yaren da ba su ji, sannan ka mai da su abin dariya. Duk wanda ya ce maka babu irin wannan a wuraren nan, ƙarya yake.

Na miƙe na kakkaɓe rigata, na ce, "Idi, tashi mu tafi." Ya kama hannuna ya ce, "Alhassan, mu dai jure mu ji ƙarshen abin, tunda mun riga mun zo." Na ce, "In zama za ka yi, sai ka nemi mai mai da kai Jiratawa." Ba shi da abin hawa. Ya tashi ya biyo ni. A hanya ne na faɗi maganar taka: an ba mu ƙwaya, ta ishe mu.

Abin da ban sani ba sai bayan shekaru shi ne abin da ya faru bayan fitarmu. Matar nan da aka yi wa dariya, Rakiya sunanta, mai ƙuli-ƙuli ce daga Tsibiri. Miƙewa ta yi ta ce, "Likita, Hausa munka zo ji. In ba ka iyawa, a kira mai iyawa. Kuma ka dube ni da kyau, na haife ka." Talatar da ta biyo baya, sai ga wata ma'aikaciya an turo, Madam Zuwaira, Bahaushiya, ita ta riƙe karatun tun daga ranar. Mace mai tallan ƙuli-ƙuli ta gyara wurin da magana uku, ni kuwa mai gemu na yi zuciya na gudu, na ja wani na tafi da shi. Saboda haka in ka je aka ɓata maka rai, kuma mai yiwuwa ne a ɓata, ka buɗe baki a nan take ka faɗi abin da ke ranka, da ladabi amma a fili. Sannan ka koma mazauninka ka zauna.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni. Ka san mu nan zogale ne arzikinmu. Na ji ana cewa yana maganin sukari, na kama. Ina dafa shi, ina shan ruwansa, ina daka busasshe ina zubawa cikin koko. Na ji jikina ya ɗan yi sauƙi, sai na ajiye ƙwaya. Da a kaina abin ya tsaya da sauƙi. Sai na zama malami. Duk wanda ya zo garka sayen ganye sai na yi masa wa'azi: likitoci so suke su mai da mu bayin farmasi, ga magani Allah Ya tsiro mana a ƙofar gida. Idi ya ce, "Kana ganin in bar ƙwayar?" Na ce, "Ni ka ga ina sha?" Ya bari.

Shekara uku muna haka. Wani rani muna ban ruwa, Idi ya shiga kanal ba takalmi kamar yadda muka saba tun muna yara, ya taka guntun waya mai tsatsa. Bai ji ba. Ya wuni yana aiki a kanta. Sai da ya koma gida matarsa ta ga jini bisa tabarma. Kashegari ya nuna mini, na ce ɗan rauni ne, ya daka ganye ya ɗaure. Ni na faɗa, da bakina. Bayan mako biyu ba a iya zama kusa da shi don wari. Muka kai shi asibiti, suka duba suka ce ba a iya ceton ta, aka yanke ƙasa da gwiwa.

Ina tsaye gefen gadonsa wata ma'aikaciya ta zo canza bandeji. Ta duba katinsa ta ce, "Baba, ai sunanka yana cikin masu karatu. Ba a gaya muku mai sukari ƙafarsa kan daina ji ba? Ba a ce ku riƙa duba tafin ƙafa kowace rana, kar ku yi yawo ba takalmi ba? Zama na huɗu ke nan, guda sukutum a kan ƙafa." Idi ya juyo da kai ya dube ni. Da zagi na ya yi da na fi samun sauƙi. Daga baya da na roƙi gafararsa, cewa ya yi, "Allah Ya ƙaddara, Alhassan, bar zancen." Matarsa kuwa shekara shida ke nan ba ta amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba.

Zogale abinci ne mai kyau, har a karatun cewa suke a yawaita cin sa. Amma bai maye gurbin ƙwaya ba. Za ka haɗu da masu lasifika a kowace tasha tsakanin nan da Agadas, da kwalabe jere bisa mota, suna rantsuwa kwana bakwai sukari ya fita har abada. In na ji su a kasuwa ji nake kamar in kifar da teburin. Mutum ya tsaya gaban marasa lafiya ya kira sunan Allah a kan ƙarya! Sai dai ba ni da bakin zaginsu sosai, don su baƙi ne ana iya shakkarsu, ni kuwa aminin Idi ne, shi ya sa ya yarda da ni. Kar ka saurare su, kuma kar ka kuskura ka ce wa wani ya bar maganinsa, ko da ka ga kamar wani abu ya yi maka aiki.

Bayan yankan ƙafar na koma na roƙa aka sake rubuta ni. A nan na tarar da Madam Zuwaira, da Rakiya ta Tsibiri wadda ta gama nata tuntuni amma take zuwa taimakawa. Ba zan ce maka komai ya gyaru ba. Har lokacin ana makara, bencin ba shi da majingina, wani zaman a yi shi a gurguje don an kira Madam wani aiki, kuma babu wanda ya taɓa tunanin cewa Talata da safe manomi yana da ruwan da zai ba shuka. Waɗannan duk na faɗa musu a fuska. Amma karatun kansa, Laminu, ban taɓa zama inda na ƙaru kamarsa ba.

Ba hoton bango ta kawo ba. Tire ta kawo, da ludayi, da dunƙulen fura na gaske, da malmalar tuwo. Ta ce kowa ya zo ya nuna yawan abin da yake ci. Da na nuna nawa, wuri ya kaure da dariya, har da ni, don wannan dariya ce ta ƴan uwa. Ba ta ce a daina tuwo ba. Ta nuna mana gwargwadon dunƙulen hannu, a cika sauran wurin da ganye da wake, fura a dama ba sukari kuma a rage ta. Wata rana ta sa duk muka tuɓe takalma, ta ce mu rufe ido, tana taɓa tafin ƙafa da wani siririn zare mai tauri, in ka ji ka ce ka ji. Yatsuna biyu na dama ban ji komai ba. Ta ce, "Baba, ka zo da sauran lokaci, amma ba da yawa ba." Kuma in mata sun fita, maza kan yi maganar abin da namiji ke jin nauyin faɗa ko ga likita, ka ji ashe ba kai kaɗai ba ne. Wannan ne abin da ka kira zaman tsofaffi bisa benci.

Duk da haka ban daina wauta ba. Tun zaman farko Madam ta ce kowa ya zo da mai yi masa girki, don wanda ke riƙe da tukunya shi ke riƙe da rabin maganin. Na ce a raina, matata ba ta zama cikin taron maza a yi ta zancen cikina. Ban gaya wa innarka ba. Kuma da ta tambaye ni abin da aka koya, sai na faɗi wanda ya yi mini daɗi na ɓoye saura. Har na ce mata an ce manomi mai aikin ƙarfi ba a hana shi sukari cikin fura. Ta ci gaba da zuba mini cokali uku kamar da, tana ganin umarnin likita take bi.

Sai Allah Ya haɗa ta da Rakiya wurin wani suna a Tsibiri. Hira ta kawo hira. Da la'asar ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya kaina ina gyaran buhu. Ta ce, "Malam, ashe an ce ka zo da ni?" Na ci gaba da gyaran buhuna. Ta ce, "Ashe da hannuna nake zuba maka abin da zai kai ka inda ya kai Idi, kana kallo na, kana cewa in ƙara? In ka faɗi, wa za a ce ya kashe ka? Ni ce mai damun." Shekara talatin da aurenmu ban taɓa ganin ta cikin irin wannan fushi ba sai ranar. Talata ta riga ni shiryawa. Ta zauna bencin gaba, ta yi tambayoyin da suka fi nawa hankali.

Na kawo wannan ne don jiya innarka ta ja Rabi ɗaki ta tambaye ta yadda take yi maka girki yanzu, sai ta ga yarinyar ta zaro ido. Wata guda, ba ka gaya wa matarka ba! Ƴar mutane tana haɗa maka shayi mai kauri kowace safiya, tana cika maka kula da lemon kwalba don hanya, tana ganin kyautata maka take. Wane irin zalunci ne wannan? Innarka ba ta fasa maka asiri ba, ta ce kai za ka faɗa da bakinka. Ka faɗa mata yau, kafin ka ci abincin da ta dafa.

Saura ɗaya, kuma shi ne ya hana ni haƙuri da dariyarka. Zama na biyar ya faɗo ranar da ruwan kanal yake layinmu. Na ce ai na san abin da ya ishe ni, na ƙi zuwa. Ashe ranar aka koyar da faɗuwar sukari. Ni duk a zatona ciwon hawa kawai yake, ban san irin ƙwayar da nake sha tana iya sauke shi ƙasa har mutum ya fita hayyacinsa in bai ci abinci ba. Bayan ƴan makonni na sha ƙwaya da safe, ban karya ba don sauri, na ɗaura buhu biyu na tattasai bisa moto na nufi kasuwar Maradi. Kafin in kai gari gumi ya jiƙa ni sharkaf, hannuwana suka kama ɓari, hanya ta zama biyu a idona. Na ce bari in daure, ai na kusa. Ban san lokacin da na bar kwalta ba. Sai ji na yi ina kwance cikin rairayi, moto bisa ƙafata, mutane zagaye da ni, wani yana cewa ya sha wani abu ne, wani yana cewa iska ce.

Da ƙyar na ce, "Ciwon sukari." Wani mai shayi na bakin hanya, dattijo, ya ruga ya damo sukari cikin ruwa. Mutane suka yi caa, "Kai, mai sukari za ka ba sukari? Kashe shi za ka yi!" Ya ce, "Ku ba ni wuri, matata na da shi, tare muka yi karatun." Ya tallabe ni, ya tabbatar ina iya haɗiya, ya ba ni kaɗan-kaɗan. Ba a jima ba duniya ta dawo daidai. Karatun da na ƙi zuwa, wani ya je, shi ya sa nake raye.

Moto ne, Laminu, da buhu biyu, na faɗa cikin rairayi. Kai kamiyo za ka ja, shaƙe da kaya, kwana da kwanaki, ta cikin garuruwan da kasuwarsu bisa bakin kwalta take, mata da tire, yara suna tsallakawa. Direbobi na san ku: a sha shayi a wuce, abinci sai inda aka tsaya. In abin da ya same ni ya same ka bisa sitiyari, ba kai kaɗai za a ɗauka ba. Ka san ko ƙwayar da aka ba ka tana cikin masu yin haka? Ba ka sani ba. Ka san alamun? Ka san abin da za ka riƙe cikin aljihu? Ba ka sani ba, kuma ka tsaya gabana kana dariya kana cewa ta ishe ka. Wa ya ba ka izinin yin caca da rayukan mutanen da ba su san ka ba? Abokin tuƙinka ma dole ya sani, don in ka fara gumi da ɓari shi ne kusa. Na san tsoronka, kar zance ya kai ga Alhaji ya karɓe makulli. Mai sukarin da ya san ciwonsa yana tuƙi lafiya. Wanda ke ɓoyewa shi ne abin tsoro, kuma in Alhaji mai hankali ne ya san haka.

Alhamis za ku tashi. Talata tana gabanta. Na je na ga Madam Zuwaira da safen nan, ta ce ka zo da Rabi ƙarfe takwas, za ta fara muku da faɗuwar sukari da abincin matafiyi, sauran zaman kuwa ka riƙa cikewa duk lokacin da kaya suka kawo ka Maradi. Ta ce kuma in ka isa can ka nemi likitar da za ta riƙa auna ka, kar ka jira sai jiki ya gaya maka, don wannan ciwo yakan yi shekaru yana ɓarna mutum yana jin garau.

Jiya cikin fushi na ce wa innarka ba zan sa maka albarkar tafiya ba sai ka je. Ta ce, "Malam, ba a ciniki da albarka." Ta fi ni gaskiya. Na sa maka albarka, ko ka je ko ba ka je ba. Amma ina roƙon ka, ni ubanka, ka je.

Zan tsaya nan don idona ya gaji. Wannan ma ban gaya wa kowa ba: idona na hagu ya kusa tafiya. Tun bara likitan ido ya ce ɓarnar shekarun nan uku ce da na yi ba magani, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Da ido ɗaya na rubuta maka duk wannan. Ka ga har yanzu ban rabu da ɓoye-ɓoye ba, ina yi maka faɗa a kan abin da nake yi. Da na ninke takardar nan zan shiga in gaya wa innarka, in ji abin da zan ji.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare mutane daga motarka, Ya ba ka lafiya mai ɗorewa da zuri'a ta gari. Ya sa ka tsufa da ƙafafunka biyu da idanunka biyu. Amin.

Innarka tana gaishe ku.

Ni ne mahaifinka,
Alhassan.